Rim ɗin Mercedes a kan Sonata: abin da makhraɗa za ta iya gyarawa da wanda ba za ta iya ba

Wani ɗan'uwa daga Jidda ya aiko da tambaya. Ya sayi rim huɗu na aluminiyam, inci 19, na hannu, waɗanda aka cire daga Mercedes, yana son ɗaura wa Hyundai Sonata ɗinsa mai rim inci 17. Mai banshar, wato mai gyaran taya, ya gwada, rim ya ƙi zama a kan hob, wato ƙarfen da ake ɗaure rim a jikinsa. Da ya je sana'iyya, wato unguwar masu gyaran mota, mai makhraɗa, injin da ke juya ƙarfe yana aske shi, ya ce zai faɗaɗa ramin tsakiya, ya ɗan ja ramukan noti, idan kuma wani wuri ya taɓa a sa sifesa, wato farantin da ake sawa tsakanin rim da hob. Yana son sanin ko akwai hatsari, domin da motar yake kai iyalinsa Madina da Ɗa'if.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kyauta da ka tsaya ka yi tambaya tun ba a ɗora rim ɗin a kan inji ba, domin ƙarfen da aka aske ba ya komawa. Ayyuka uku aka lissafa maka a numfashi ɗaya kamar duk matsayinsu ɗaya, alhali sun sha bamban. Faɗaɗa ramin tsakiya aiki ne da muke yi kullum, ba shi da aibi in an yi shi bisa ƙa'ida. Jan ramukan noti kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan, kuma zan gaya maka dalili. Sifesa tana da sharuɗɗanta. Idan aka haɗa duka ukun a kan wannan rim da wannan mota, shawarata ita ce ka sayar da su tun ba a taɓa su ba, ka nemi waɗanda suka dace da motarka.

Sai ka fara sanin abin da ke riƙe taya a jikin mota, don duk hukuncin daga nan yake fitowa. Yawancin direbobi suna zaton ƙusoshi biyar ɗin nan da ke tsaye a jikin hob su ne ke ɗauke da nauyin mota. Ba haka abin yake ba. Idan aka ɗaure noti, ƙusar tana ɗan miƙewa, miƙewar da ido ba ya gani, sai ta jawo bayan rim ta matse shi da fuskar hob. Ƙusa ɗaya mai kaurin milimita 12, in an ɗaure ta daidai, tana matsewa da ƙarfin da ya kai tan uku zuwa huɗu, ga su kuma guda biyar. Wannan matsin shi ke hana rim gocewa, shi ke ɗaukar nauyi da birki da kwana. Muddin yana nan, ja kawai ƙusoshin ke ji, kuma don ja aka ƙera su. Ranar da matsin ya ragu, ko kuwa noti ya zauna a karkace, ƙusa ta koma shan lanƙwasa ta gefe a duk juyin taya. A gudun kilomita 120 taya irin taka tana juyawa kusan sau 16 a daƙiƙa ɗaya. Ka lissafa daga Jidda zuwa Madina. Kamar yadda kake lanƙwasa waya gaba da baya har ta katse a hannunka, haka ƙusa ke gajiya, kuma ba ta sanarwa. In ɗaya ta tsinke, nauyinta ya koma kan huɗu, sauran ba sa daɗewa.

To, ramin tsakiya. Wuyan hob ɗin Sonata milimita 67.1 ne, ramin rim ɗin Mercedes kuwa 66.6. Rabin milimita ne kacal ya hana shi zama. Aikin wannan rami shi ne ya tsayar da rim a tsakiya sak kafin a ɗaure noti, kuma akwai nama isasshe a wajen, don haka cire kwatan milimita a kewaye ba ya raunana komai. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake yin aikin. Dole a ɗora rim a kan makhraɗa ko injin CNC mai aiki da kwamfuta, a kafa agogon awo mai allura a kan mazaunin bakin taya, wato inda taya ke zama a cikin rim, a juya a daidaita har allurar ta kusa daina motsi, sannan a fara aski. Dalili kuwa, taya da wannan mazaunin take juyawa, ba da leɓen waje ba, wanda sau da yawa ya sha gefen titi ya ɗan lotsa. Sabon ramin ya fi wuyan hob da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ta yadda zai shiga da hannu ba tare da guduma ba, kuma ba zai yi wasa ba. Zurfin askin ya tsaya a iya tsawon wuyan hob da ɗan ƙari, a bar gefen gaba inda murfin rim ke kamawa. Sannan a karya bakin ramin ta baya da ɗan gangare, domin gindin wuyan hob yana da lanƙwasa, in bakin ramin ya yi kaifi sai ya hau kanta, rim ya ƙi kwanciya a fuskar hob. Za ka ɗaure noti ka ji ya ƙulle, alhali akwai tazara a baya. Wannan ɗan gangaren shi ne abin da masu gaggawa suka fi mantawa.

Abin da ba za ka yarda da shi ba shi ne a ɗauko giranda ko dutsen gugar hannu a zagaye ramin da ido. Hannun ɗan Adam ba ya fitar da da'ira. Rim zai shiga, amma a karkace da kashi biyu ko uku cikin goma na milimita, sai sitiyari ya riƙa rawa a gudun kilomita 100 zuwa 120, ka yi ta zarya wajen masu balansin suna ƙara darma, rawar tana nan. Injin balansin yana gyara nauyi ne, ba ya gyara rim ɗin da ba ya juyawa a kan tsakiyarsa.

Da a ce matsalarka iya nan ta tsaya, da na ce ka je a yi. Amma ga babbar.

Ramukan noti suna zaune ne a kan wata da'ira, ita ce ake rubutawa PCD. Na Sonata 5x114.3, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3. Na Mercedes 5x112. Bambancin milimita 2.3 ne a faɗin da'ira, ma'ana kowace ƙusa ta kauce wa tsakiyar raminta da milimita 1.15. Abin da ke yaudarar mutane a wannan haɗin musamman shi ne, Mercedes na zamani suna amfani da bol mai kaurin milimita 14, don haka ramukan rim ɗinsu sun kai kusan 15, ƙusoshin Sonata kuwa 12 ne. Da zarar an buɗe ramin tsakiya, rim zai zura a kan ƙusoshin nan sumul, ko ja ba sai an yi ba. Sai a ce maka ga shi ya shiga. Ya shiga kam, amma noti bai sami wurin zama ba. Kowane rami yana da mazauni a bakinsa, inda ƙasan noti ke kwanciya, kuma wannan mazaunin yana nan a kan da'irar 112. Idan noti ya sauko a kan ƙusar da ta kauce, gefe ɗaya zai fara taɓawa, kana ci gaba da ɗaurewa yana jan kan ƙusar zuwa ciki. Ƙusoshi biyar duk a lanƙwashe tun mota ba ta motsa ba.

Ƙari a kan haka, siffar mazaunin ma ba ɗaya ba ce. Iri uku ne a kasuwa. Akwai mai siffar mazurari, mai gangaren digiri 60, shi ne na Hyundai da Kia da kusan duk rim ɗin kasuwa. Akwai mai kwarmi kamar rabin ƙwallo, shi ne na Mercedes da Volkswagen da Audi, da kuma rim ɗin Honda na asali. Akwai shimfiɗaɗɗe mai washa, wanda Toyota ke sa wa rim ɗinta na aluminiyam. Notin Sonata mai mazurari in ya sauka a cikin kwarmin Mercedes, a kan siririn layi kawai zai taɓa. Aluminiyam ƙarfe ne mai taushi, layin zai lotsa a hankali, noti ya saki, matsin nan da na yi maka bayani ya tafi.

Yanzu ka duba abin da mai makhraɗa ke nufi da ja. Zai tsawaita ramin zuwa waje ya zama kamar ƙwai. Ramin ya tsawaita, amma mazaunin ya lalace: noti zai taɓa gefe biyu, gaba da baya kuwa iska. An rage wajen taɓawa a daidai wurin da tan uku zuwa huɗu ke sauka. Wannan aikin ko kyauta aka ce za a yi maka, ka ce ka gode. Haka nan masu cusa rim ɗin Dodge Charger mai 5x115 a kan motocin 114.3 suna cewa ai bambancin bai kai milimita ɗaya ba, ciwon ɗaya ne, ƙanƙantarsa ce kawai ta bambanta.

Akwai hanyar da ake sauya PCD ta gaskiya, don kada ka ɗauka abin ba ya yiwuwa sam. Ana kafa rim a kan injin CNC, a sake huda kowane rami ya fi na da girma, a kan sabuwar da'irar 114.3, sannan a danna zoben ƙarfe mai mazaunin digiri 60 a ciki da injin matsa. Ko kuwa, in bayan rim ɗin cike yake da nama, a huda sababbin ramuka biyar a tsakankanin tsofaffin. Sai dai yawancin rim ɗin da aka zuba a mazubi suna da aljihuna a baya tsakanin ramuka, an kwashe naman don rage nauyi, babu inda za a huda. Masu cike tsohon rami da walda su sake hudawa kuwa, zan zo kan abin da wuta ke yi wa aluminiyam. Aikin zoben ƙarfe yana da kyau in gwani ya yi shi, amma ramuka ashirin ne, kowanne sai an auna, kuma kuɗinsa ya dace ne da rim mai tsada da ba a samun irinsa. Bayan haka ma, duk gwajin da kamfani ya yi wa rim ɗin ya tashi, tunda ba rim ɗin da suka gwada ba ne yanzu.

Za ka kuma ji labarin noti mai wuya mai motsi, wanda mazurarinsa zobe ne dabam da ke iya gocewa kimanin milimita ɗaya da ɗigo biyu. An ƙera shi ne don irin wannan bambanci na 112 da 114.3. Amma waɗanda aka fi samu na mazaunin mazurari ne, naka kuwa kwarmi ne, kuma ingancin na kasuwa ba ya ganuwa da ido. A motar da ke ɗaukar iyali a hanyar Makka zuwa Madina, inda aka yarda da gudun 140 a wasu sassa tun shekarar 2018, kwalta na tafasa da rani, ni ba zan ɗaura shi ba.

Saura sifesa da adafta, kuma ba za a fahimce su ba sai da lambar ET. Ka juya rim ɗin ka duba bayan ƙafafunsa, za ka ga rubutu irin 8.5Jx19 ET43. Na farko faɗin rim ne da inci, na biyu girmansa, ET kuwa tazarar milimita ce tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne wa hob. In lambar ta yi girma rim ya shige ciki, in ta yi ƙasa ya fito waje. Lissafin ba shi da wuya. A ce na asali faɗinsa inci 7.5 ne da ET45, sabon kuma 8.5 da ET35. Ƙarin inci ɗaya milimita 25.4 ne, rabi ciki rabi waje, wato 12.7 kowane gefe. Raguwar ET da 10 ta tura rim waje da 10. Leɓen waje ya fito da 22.7 ke nan, na ciki ya matsa kusa da shoka da 2.7 kawai. Da wannan lissafin da tef ɗin awo za ka san ko taya za ta goge madigadi tun kafin ka biya ko riyal ɗaya. Ni ina son a tsaya cikin milimita 5 zuwa 10 na ET ɗin asali. In aka wuce haka, layin da nauyi ke sauka ya kauce daga tsakiyar boris, boris ya riƙa mutuwa da wuri, sitiyari kuma ya fara bin kowane tsagi na titi, ya riƙa fizga in ka taka birki a wuri marar daidai. Motar da tayoyin gaba ke ja, irin taka, ta fi jin wannan.

Adafta faranti ne da ake ɗaure wa hob da 114.3, shi kuma ya fito da nasa ramukan ko ƙusoshin a 112. Yana aiki, amma don ya rufe tsawon ƙusoshin motar kaurinsa kan kai milimita 20 ko fiye, kuma duk kaurin nan ana cire shi ne daga ET. Rim mai ET43 ya koma 23, ga faɗi ya ƙaru, taya ta leƙo waje da madigadi. Ka sami noti goma a kowace ƙafa maimakon biyar, biyar daga ciki a ɓoye, ba ka iya duba su sai ka cire taya. Sannan taya mai leƙowa tana jawo idon 'yan Murur, wato 'yan sandan hanya, domin dokar hanya ta Saudiyya ta hana sauya fasalin mota ba tare da izini ba, ga fahas, wato binciken lafiyar mota na shekara, yana jiranka. Siririyar sifesa ta milimita 3 zuwa 5 ba laifi ba ce in buƙatar ita ce ƙafar rim ta kauce wa kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, da sharaɗi biyu: wuyan hob ya saura isasshe da zai kama rim, kuma noti ya ci tiredi isasshe, wato tsagin jikin ƙusa da yake juyawa a kai. Ƙa'idar da muke bi ita ce noti ya shiga aƙalla gwargwadon kaurin ƙusa. A ƙusar M12x1.5, kowane juyi milimita ɗaya da rabi ne, don haka juyi takwas cikakku. Ka ƙirga da hannunka. In ya ƙulle a juyi biyar, ko a canza ƙusoshi zuwa dogaye ko a cire sifesar.

Wasu kuma akasin haka suke nema, a aske bayan rim don ya shige ciki. Ana iya cire milimita biyu ko uku in naman da ke ƙarƙashin mazaunin noti yana da kauri, amma duk abin da aka cire daga wajen da noti ke dannawa aka cire shi, kuma ƙafafun rim suna matsowa kusa da kalifa. Sai an auna kaurin da baniya, ma'aunin kaurin ƙarfe, kafin a yanke hukunci.

Wani abu da ya kamata ka duba yau ɗin nan: shin rim huɗun faɗinsu ɗaya? Mercedes da yawa tayoyin baya ke tura su, kuma na inci 19 sukan zo da na baya sun fi na gaba faɗi, da ET dabam. A kan Sonata wannan ba shi da amfani, yana hana ka juya tayoyi gaba da baya, kuma na bayan ne za su fara gogar madigadi in mota ta cika da mutane da kaya.

Bari in daɗe kaɗan a kan rim na hannu, don nan ne zuciyata ta fi rashin kwanciya. Yawancin rim ɗin aluminiyam ana zuba su ne da wani haɗi mai suna A356, aluminiyam da kusan kashi 7 cikin ɗari na silikon da ɗan magnesiyam. Ƙarfinsa ba daga zubin yake zuwa ba, daga gashin da ake yi masa bayan zubi ne: a kai shi wajen digiri 540, a tsoma a ruwa, sannan a sake gasa shi na sa'o'i a wajen digiri 155 zuwa 160. Idan wani ya zo daga baya ya hura masa wutar gas don ya miƙar da lanƙwasa, ko ya yi walda kusa da ramukan noti, wajen da ya wuce digiri 200 da wani abu ya fara rasa wannan ƙarfin. Baƙin ƙarfe yana yin ja ya gargaɗe ka, aluminiyam ba ya sauya launi har ya narke, saboda haka mai wutar ba ya ganin ɓarnar da yake yi. Daga nan a goge, a fesa fenti, ya fito yana ƙyalli. Arha ba ta ado, in ji mutanenmu, a nan kuwa adon ne ma ke rufe arhar. Ka wanke cikin rim ɗin sosai ka duba da fitila: alamar giranda, fentin da ya fi kauri a wuri ɗaya, ko layin walda a leɓen ciki. A ɗora kowanne tsirara, ba taya, a kan injin balansin, a kafa agogon awo. In rawar ta wuce kusan rabin milimita sama da ƙasa ko gefe da gefe, ya lanƙwashe. Akwai kuma jan ruwan gwajin tsagewa, ana fesawa a goge, a fesa farar hoda, tsagar da ido bai gani ba ta fito ja. Ƙaramar tsaga a leɓen ciki, gwanin walda na iya kamawa, ko da yake ni a baya nake sa irinsa, ba a gaba ba. Tsaga a ƙafar rim ko kusa da ramin noti kuwa, wannan rim ɗin na masu sayen tsohon ƙarfe ne.

Ka kuma tabbatar na Mercedes ɗin ne da gaske, domin kasuwa cike take da kwaikwayo. Na asali yana da tambarin kamfani da lambar kaya a zube a bayansa. Rim ɗin kasuwa na kirki yana ɗauke da JWL ko VIA na Japan, ko lambar KBA ta Jamus, da iyakar nauyin da zai iya ɗauka a rubuce, misali kilo 690. Waɗannan alamomi na nufin an gwada samfurin da gajiyar kwana da gajiyar juyi da kuma duka. Masu jabu ma suna zuba alamomin, don haka shago mai suna da rasit ya fi rubutun da ke jikin ƙarfe.

Game da inci 19 ɗin kansa: tayarka ta yanzu mai yiwuwa 215/55R17 ce, tsayinta gaba ɗaya kusan milimita 668. Ƙa'ida ita ce kada sabon tsayi ya kauce da fiye da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, don kada ma'aunin gudu da na'urar ABS su rikice. 235/45R18 tana ba da kusan 669, daidai wa daida. 235/40R19 tana ba da kusan 671, ita ma ta shiga. Amma ka dubi gefen taya: daga milimita 118 a inci 17, ya sauko 106 a inci 18, ya koma 94 a inci 19. Wannan gefen shi ne ke tsakanin rim ɗinka da bakin rami ko tudun rage gudu na cikin unguwa. Rim babba kuma galibi ya fi nauyi, shoka na shan wahala, mai na ƙaruwa, taya ta fi tsada. Don motar iyali ni a 18 nake tsayawa. Lambar nauyi ta sabuwar taya kada ta gaza ta asali, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin rubutun da ya fara da DOT a gefen taya don sanin mako da shekarar da aka yi ta, kuma a zafin ƙasar nan ka nemi mai darajar zafi A.

Me za ka nema ke nan? Ka je da lambobi a rubuce: 5x114.3, tsakiya 67.1, tiredi M12x1.5, da ET ɗin da ke bayan rim ɗinka na asali. Rim ɗin Kia Optima ko K5, da na Mazda 6, da na Sonata mai babban matsayi, duk ramukansu da tsakiyarsu irin naka ne, ET da kalifa kawai za ka duba. Na Camry da Accord da Altima su ma 5x114.3 ne, sai dai tsakiyarsu ta fi ƙanƙanta: Toyota 60.1, Honda 64.1, Nissan 66.1. To a nan ne makhraɗa ke da amfani na gaskiya, a buɗe zuwa 67.1 yadda na bayyana, ka sayi noti mai mazaunin da ya dace da rim ɗin, mai washa in na Toyota ne, mai kwarmi in na Honda ne. Notin Nissan kada ya hau ƙusarka, tiredinsa 1.25 ne ba 1.5 ba, zai shiga juyi biyu ya cinye ta. Rim ɗin kasuwa sabo yawanci tsakiyarsa 73.1 ce don ya hau motoci da yawa, sai a cike tazarar da zobe mai 73.1 a waje, 67.1 a ciki. Akwai na roba akwai na aluminiyam. A cikin gari na roba ya isa, kuma ba ya manne wa hob a danshin Jidda. Amma tunda kana saukowa daga Ɗa'if ta gangaren Hada, inda birki ke ɗaukar zafi sosai, ka sa na aluminiyam, a shafa ɗan man hana tsatsa a wuyan hob kaɗai.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin. A kankare tsatsa da ƙasa daga fuskar hob da buroshin waya har ƙarfe ya fito. Bayan rim, inda ke manne wa hob, da cikin mazaunin noti, kada a bar fenti mai kauri, domin zafi na tausasa shi, ya lotsa, noti ya saki. A fara ɗora rim ɗaya a gaba ba taya, a juya da hannu, a ga akwai aƙalla milimita uku tsakaninsa da kalifa. Da zarar an sa taya, shago ba ya karɓar kaya. In motarka tana da na'urar auna iska a jikin bawul, a mayar da ita cikin sabon rim. Noti da hannu ake fara shi, ba da bindigar iska ba, kuma ba a shafa wa tiredi mai ko giris, don awon da kamfani ya bayar na busasshen tiredi ne, da mai sai ƙusa ta miƙe fiye da kima a awo ɗaya. A ɗaure ana tsallake ɗaya, kashi biyu, ƙarshe da sufana mai awon ƙarfin ɗauri. Littafin Hyundai na ƙirar baya-bayan nan yana ba da ƙarfin ɗauri na 107 zuwa 127 Nm, na tsofaffi 88 zuwa 107, ka duba naka. Na Camry 103 ne, na Accord 108, don ka ga kowace mota da nata. Bayan an sauke mota a karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a leƙa ciki a ga babu inda taya ke taɓawa, sannan a ɗauki mutane a baya a haye tudu ɗaya ko biyu a saurara.

Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka koma a sake bin notocin da sufanar awo, domin sabon rim yana ɗan zama, kuma ka yi haka kafin ka kama hanyar Madina, ba bayan ka dawo ba. Ka ajiye noti biyar na asali a but tare da safaya, don in sababbin ba su dace da mazauninta ba, sannan ka gwada ko sufanar motar tana shiga ramukan sabon rim, da yawa ramukansu matsattsu ne sai da siririn soket nasu. Rim ɗin Mercedes ɗin kuwa, muddin ba a aske su ba, masu Mercedes za su saya da daraja, kuma mai Audi ko Volkswagen ma na iya dubawa tunda su ma 5x112 ne. Allah ya tsare hanya, ya kai ku lafiya kai da iyali.